Sammore, Kalmar Kawu

Jiya a unguwarmu ta Nima na ga dokin maƙwabcina, wanda yake kaiwa bakin teku mutane su hau. Ya rame, kansa a sunkuye. Nan take marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Shi idan ya je duba doki, fatar ido yake fara ja da babban yatsansa mai ƙamshin man kaɗe. Ranar da na raka shi unguwar Maamobi duba wata goɗiya, ya ja, muka ga cikin idon fari fat. Ya ce, "Sammore ne, ɗan nan, cizon tsando. Kalmar makiyaya ce. Iyayenmu suka taho da ita daga Arewa, don kurmin nan ya kashe musu dawakai a hanya." Mai goɗiyar ya ce gajiya ce kawai. Ba ta kai Sallah ba.

Na ja idon dokin maƙwabcina, shi ma fari. Maƙwabcin nawa ya yi dariya ya ce, "Malam, ka cika damuwa, yunwa ce!" Ƙila na yi kuskure, amma gobe zan zauna a ƙofarsa sai ya kira likitan dabbobi.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya tashi kafaɗun dabbar nan.