Gwangwanin da Baba Ya Rataye a Khaibar

Wata Alhamis da hantsi, a shekarar da na shiga aji huɗu, dabino ya fara ja amma bai nuna ba, Baba ya kama hannuna muka shiga wani shagon kayan farauta da ke bayan kasuwar dabino a nan Madina. Har yau in na ji warin man keke, shagon nan nake tunawa. Bindigogin iska, waɗanda muke kira saktun, suna jere a bango, ni kuwa ina ta leƙe ta bayan rigar Baba. Mu huɗu ne a gidanmu, duk mata, ni ce babba, kuma sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba sai Uwata. Mai shagon, wani dattijon Balarabe, ya tambaya ko yaron da za a saya wa yana cikin mota. Baba ya dafa kaina ya ce, "Ga yaron nan a gabanka, ya sheikh, da ɗankwalinsa."

Aka sauko mana da guda biyu. Ta farko baƙa ce mai sheƙi, ba nauyi, ni dai tuni raina ya biya. Ta biyu kuwa mummuna ce, katakonta fari fat ba ado, ga nauyi kamar taɓarya. Baba bai ko kalli sheƙin ba. Ya lanƙwasa kowacce a tsakiya, inda ake buɗe ta, ya shafa cikin ƙarfen da yatsa, ya ƙwanƙwasa ya saurara, sannan ya yi ta tambaya a kan susta, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke tura iska. Mai shagon ya bayyana masa cewa mai sheƙin iyakar ƙarfinta ke nan, jikinta ba zai ɗauki ƙari ba. Mummunar kuwa an saka mata susta mai laushi ne, amma ƙarfenta mai kauri ne, duk ranar da mutum ya samu tasrihi, takardar izinin hukuma, sai a canza mata mai ƙarfi ta yi nisa ninki. Sai Baba ya sa gindinta a lanƙwasar gwiwar hannuna, ya ce in miƙa yatsa in taɓa kunama. Na miƙa har ina ɗage, saura kusan taƙi guda. Ya yi murmushi ya ce a naɗe mana ita. Na yi ta zumɓura baki har gida.

Gidanmu yana Harra ta Yamma, cikin baƙaƙen duwatsun nan da ke ƙona tafin ƙafa da azahar, inda kakanmu ya zauna bayan ya iso aikin hajji daga ƙasar Katsina. A nan saktun ba ta taɓa fita daga jakarta ba, don Baba ya ce a cikin Haramin Madina ko tantabara ba a razanawa. Aikinta yana Khaibar, a wata gonar dabino da Baba ke kula da ita ana raba amfani da mai ita. Kowane ƙarshen mako mukan cika bayan tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, da tabarma da tukunyar shinkafa da kuka da daddawar da Inna ke sayowa wurin alhazai. Da isarmu kowa ya san aikinsa. Ni nake buɗe wa ruwa hanya daga birka, babban tafkin simintin da ake tara ruwa, ƙannena suna tsintar dabinon da ya faɗo, Inna tana ware na ci da na awaki. Da mun samu sarari sai carafke da ƙwallon dabino, ko mu bi layi muna buga gwangwanaye muna korar tsuntsaye har murya ta dushe.

A makon farko Baba ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau wani dabino da ke can ƙarshen gona, ƙetaren birka, ya ɗaure gwangwanin madara da waya a jikinsa. Ya sauko ya tsayar da ni a bakin rumfa ya ce, "Ran da takarda ta fito, daga nan za ki buga shi, ni kuma ina zaune a nan." Na gwada a ranar, ya riƙe mini bakin bindigar. Ɗan harsashin dalma ya tafi ya tafi, ya gaji, ya faɗa cikin birka, tsulum. Ƙannena suka kwashe da dariya, har suka sa mini suna Mai Harbin Ruwa, sunan da ya bi ni har makaranta.

Da wannan lallausar sustar ya koya mini komai. Yadda ake tsayawa, yadda ake sauke numfashi kafin a taɓa kunama, da cewa bakin bindiga ƙasa yake kallo ko da babu komai a ciki. Bai taɓa yi mini tsawa ba sai ranar da na juyo da ita ina yi wa ƙanwata magana, ranar kam na ga jan idonsa, kuma bai bar ni na sake taɓa ta ba sai da aka gama girbi. Kowace shekara in an sauke dabino, yakan sa gindinta a gwiwar hannuna ya auna, ya ce, "Kina zuwa, Uwata."

Wata shekara tsuntsaye da ɓeraye suka yi mana ɓarna ƙwarai, saktun ɗinmu ba ta isa dogayen itatuwan da ke nesa. Kawu Sani, ƙanen Inna, wanda ke aiki a Yanbu, ya ce ya san mai canza susta a can, ba tasrihi ba tambaya, cikin yini guda an gama. Inna ma ta goyi bayansa, don rabonmu na shekarar ya ragu sosai, kuma ni kaina na so a yi, na gaji da Mai Harbin Ruwa. Baba ya gama shan shayinsa ya ce, "Sani, wadda za mu riƙa turawa ƙarƙashin kujera in mun hango 'yan sanda? Harbi nake koya wa 'yata, ba ɓoyo ba." Shekarar nan ba a yi mana ɗinkin sallah biyu ba, guda aka yi. A lokacin na ji haushinsa, yanzu kuwa ba na tuna maganar ba tare da ƙirjina ya cika da alfahari ba.

Duk tsawon shekarun nan na ɗauka takardarsa muke jira. Ina ganin yana ƙara matso da Alƙur'ani kusa da fuskarsa, ina ganin ya daina tuƙi in rana ta faɗi, ga ciwon suga, amma ban gane ba. Sai da na girma, na gama karatu, mata suka fara shiga kulob na harbi, na nemi tasrihi da sunana aka ba ni. Na kai masa, ya shafa takardar da yatsa don ba ya iya karantawa, na tambaye shi tasa fa, ina ta maƙale. Ya ce, "Ai ban taɓa nema ba. Tun kafin mu shiga shagon nan likita ya gaya mini inda idona ya dosa. Mai dishi-dishi ba ya riƙe bindiga mai ƙarfi. Hannunki na auna, ba nawa ba."

Na kai saktun ɗin wurin mai gyaran da hukuma ta yarda da shi, ya canza susta, ya ce bai cika ganin ƙarfe mai kyau irin wannan ba. Ni na tuƙa mu zuwa Khaibar. Dabinon ya ƙara tsawo, gwangwanin ya yi tsatsa, wayar ta nutse cikin jikin itacen, amma yana nan. Na shimfiɗa wa Baba tabarma a bakin rumfa. Harbin farko na kuskure. Ya ce, "Numfashi, Uwata." Na sauke numfashi, na taɓa kunama. Daga ƙetaren birka muka ji ƙwal. Baba ya karkata kunne wajen, hawaye na bin gemunsa, yana dariya, ya ce, "Na gani. Ƙara."

Yau Baba yana kwance a maƙabarta, gonar ta koma hannun wasu, ban san ko sun bar gwangwanin ba. Yara yanzu a waya suke zaɓar saktun, su ga mai sheƙi su danna, gobe a kawo, ba wanda ke auna hannun kowa. Tawa tana cikin jakarta, takardarta a gefe. Wani lokaci in na fito da ita shafa mai, nakan sa gindinta a gwiwar hannuna, yatsana ya sauka daidai kan kunama, sai in rasa wanda zan nuna wa.