Garin Ganye a Langar Yaya

Sai da na fita takaba na san gida ma yana da nasa irin shirun. Gidanmu na Tudun Wadan Zariya ba wani babba ba ne, ɗaki uku da tsakar gida da gwaiba ɗaya mai rowar 'ya'ya, amma da maigidan ya rasu sai ya zame mini kamar makaranta ranar hutu. Na san irin wannan shirun, don a firamare na yi koyarwa har na yi ritaya. 'Ya'yana biyu ne. Namijin yana kudu wurin aiki, babbar kuma tana aure a Abuja, ita ce mai bugo waya kullum ta tambaye ni me na ci, kamar ita ta haife ni.

Abin da ya riƙe ni a lokacin, in na faɗa wani zai yi dariya, zogale ne. Da safe nakan hau keke mai ƙafa uku zuwa kasuwa, wurin matan da ke kawo ganye daga fadama. In ce ganyensu ya kwana, su rantse yanzu aka yanko shi, mu yi ta ja-in-ja har su ƙara mini ɗaurin rama a kai. Ba ganyen kaɗai nake zuwa saye ba, har da musun. Mutumin da ya kwana bai yi magana da kowa ba, ko faɗa ya samu da safe ya ji daɗi.

Duk wanda ya taɓa tsinke zogale ya san aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ganyen ƙanana ne, sai ka bi su reshe-reshe, in ka yi garaje tsinke ya shiga kwaɗo ya soki dasashin mai ci. A nan maƙwabciyata ta shigo rayuwata. Dattijuwa ce, matar wani tela, suna haya a gidan da ke manne da namu. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa sauke ni daga Malama ba. Mace ce mai kawaici fiye da kima. A wurinta, shiga gidan mutane ba dalili zubar da girma ne, ko da gidan ƙawa ne. Amma in ta ji dakan ƙuli-ƙuli ta bayan katanga, ta san akwai zogale a gidana, ta san kuma aikin ya fi ƙarfin hannu biyu. Sai ta yafo mayafi ta yi sallama.

“Malama, ke kaɗai kika tasa wannan wahala a gaba?”

Haka take cewa kullum, sannan ta zauna a tabarma ta jawo faifai. Kowace mace ta san ba a fara dakan ƙuli sai ganye ya hau wuta. Ni kuwa da na sauke kaya daga kasuwa nake ɗaukar taɓarya, tun ban kwance ɗaurin ba. Ta san dalili, na san ta sani, babu wadda ta taɓa furtawa a cikinmu.

Akwai wata langa mai furanni shuɗaye, murfinta ya ɓantare a gefe. Tata ce, amma rabin rayuwar langar a gidana ta yi. In na haɗa kwaɗo in cika ta, in miƙa ta wurin da katangar ta gajarta kusa da famfo. Washegari ko jibi ta dawo da faten tsaki da rama, wani lokaci dambu. Ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, wannan ko yarinya ta sani. Don haka langar ba ta taɓa hutawa ba, kuma muddin tana kai-kawo, akwai dalilin da zai sa wata ta leƙo ta kira sunan wata.

Sai gwiwa ta fara ci mini tuwo a ƙwarya, ga hawan jini ya biyo baya. Wata rana ina saukowa daga keke a bakin kasuwa ƙafar ta ƙi ɗaukata, na durƙushe a gaban jama'a, sai masu ganyen ne suka ɗaga ni suna sannu. Ban gaya wa 'yar tawa ba, amma Zariya ba ta riƙe magana. Kafin mako ya zagayo sai ga saƙo daga Abuja, robobi masu murfi da hoton ganyaye kala-kala a jiki.

“Mama, cokali ɗaya za ki dama a ruwa da safe,” in ji ta a waya. “Duk ganyen da jikinki ke buƙata yana ciki. Ba sai kin sake zuwa kasuwa ba. Sauran cefanen zan sa a riƙa kawo miki har gida.”

Na buɗe na leƙa, na ce, “Yau ni za a koya wa garin ganye? Mu da muka tashi a kan miyar kuka da karkashi? Wannan ai kuka ce ta yi boko.”

Ta yi dariya, amma na san abin da ke ranta. Tsoro take ji kada a bugo mata waya wata rana a ce an tsince ni a kwance. Na ji tausayinta, na ce to.

Ba zan yi wa garin ƙazafi ba. Yana da sauƙi. Babu wanki, babu tsinkewa, babu hayaƙi, gwiwata ta huta. Ɗanɗanonsa dai kamar an jiƙa ciyawa an ɗiga mata zaƙi da na'ana'a, amma ana haɗiyewa. Matsalar ita ce kafin in gama bismilla na gama cin ganyen ranar gaba ɗaya. In wanke kofi in kife, in duba agogo, hantsi ma bai yi ba. Sai yini ya miƙe a gabana ba abin da zan sa a cikinsa. Da na daina sayen ganye sai girkin ma ya fita raina, don wa zai hura wuta saboda baki ɗaya? Na koma shayi da burodi, wani lokaci taliya da manja. Turmina ya koma jikin bango, gizo-gizo ya yi gida a ciki.

A cikin wannan hali Yaya ta miƙo fate ta katanga. Na cinye tas, na wanke langar, sannan na tsaya ina kallonta. Me zan zuba? Ba zan aika wa matar da ta iya girki taliya da manja ba. Langar ta kwana, ta sake kwana, tana kallona daga kan kanta. Can dabara ta zo mini, na ma yaba wa kaina. Na ɗauki sabuwar robar garin da ba a fasa ba na sa a ciki, murfin ma ya ƙi rufuwa. A raina na yi babbar kyauta, abu mai tsada daga Abuja, ga shi ita ma tana fama da jiri.

Ta karɓa da hannu biyu, ta juya robar, ta yi godiya mai tsawo, irin wadda ake yi wa baƙo. Daga ranar langa ba ta sake haurowa ba.

Na yi kaɗaici a watannin nan irin wanda ban yi ba ko a cikin takaba, don a takaba mutane na shigowa. Ina jin komai nasu ta katanga: keken ɗinkin mijinta, tarinta da asuba, ƙamshin daddawarta in ta sa a miya. Tana nan kusa da ni, taku kaɗan, amma kamar an ɗauke ta. In mun haɗu a bakin famfo mu gaisa, lafiya lau, ya gwiwa, da sauƙi, shi ke nan. Ni kuma ina da zuciya. Na ce a raina na yi kyauta an yi mini tukwici da shariya, to kowa ya riƙe kwanonsa. Akwai ranar da na lura tun safe ban yi magana da kowa ba sai tsuntsayen da na kora daga kan gwaiba, kuma ranar na yi kuka.

Cikina ne ya fara yi mini bore, ya ɗaure, abinci ba ya faɗa mini. Da na je ganin likita na tafi da robar a jaka. Ta karanta jikinta a tsanake, ta ce ba ta hana ni sha ba tunda bai ci karo da magungunana ba, amma ƙari ne, ba madadi ba. Ta ce ciki yana son abin da aka tauna, ganye da harzarsa da ruwansa, cokalin gari ba zai cika wannan gurbi ba. Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, “Mama, wa kike cin abinci da shi?” Na ce mata wannan ba ya cikin abin da ya kawo ni.

Daga asibitin ban nufi gida ba, na ce wa mai keke kasuwa. Masu ganye suka yi ca, wai sun ɗauka na koma Abuja. Na ce zogalensu ya kwana, suka rantse, muka ɗora ja-in-ja daga inda muka tsaya. Da na isa gida na share turmi, na zuba ƙuli, na yi daka da ƙarfin da ya fi abin da ke cikin turmin. Na daka har ya wuce laushi. Ina shirin ajiye taɓarya na ji sallama.

“Na ɗauka turmin ya tsage ne,” in ji Yaya, ta zauna ta jawo faifai.

Mun yi nisa da tsinka kafin in ce, “Yaya, ina langa?”

Ba ta ɗago ba. “Me zan zuba in maido miki, Malama? An gaya mini tsadar abin nan. Fate zan sa a kansa? Wanda ya ba ka abin da ba za ka iya ramawa ba ai sallamarka ya yi. Na ce ko abincin namu ne ya ishe ki.”

Sai ta kawar da zancen da kanta, ta ce ai ta gwada garin. Ta ga kore, ta ɗauka kukar masu kuɗi ce, ta kaɗa miya da shi har da daddawa. Maigidanta ya kai loma ɗaya ya tambaya ko alewa ce ta faɗa tukunya. Muka yi dariya har na riƙe ciki, rabona da irinta tun maigidana na da rai. Dariyar na lafawa ta ce, tana kallon faifai, an sayar da gidan da suke haya, za su koma Dutsen Abba wurin ɗansu kafin azumi. Ta daɗe da sani. Ta rasa dalilin shigowa ta gaya mini.

Ranar da mota ta zo kwasar kayansu, ta kira ni ta wurin famfo. Ta miƙo langar, da zafinta, fate ne da rama.

Na ce, “Yaya, ai tafiya za ki yi. Bari in juye in ba ki abarki.”

Ta ce, “Wayam za ki ba ni? Ba a haka. Kin san inda za ki same ni.”

Yanzu wasu ma'aurata ne a gidan, suna fita da safe su dawo da magariba, ba su san abin da daka ke nufi ba. Ina shan cokalin garina don hankalin 'yata ya kwanta, amma na gaya mata kasuwa ba fashi. Zogalen ni kaɗai nake tsinkewa, yana cin yinina kaf, bayana ya ƙage, kuma har yanzu ƙulin nake fara dakawa, sabo turken wawa. Babu mai sallama. In na gama in cika langar, in ɗaure ta a ɗankwali, in lallaɓa gwiwata zuwa bakin titi in tsayar da keke. Duk ramin da muka faɗa a hanyar Dutsen Abba sai na danne murfin da hannu biyu, don ya ɓantare a gefe, man kwaɗon yana iya zuba.