Littafin Sojojin Sama da Gaisuwar Karofane

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Buza, wani abokin aikina da aka sauya wa gari ya bar mini kwalin tsofaffin littattafan Faransanci. A ciki na tsinci wani ƙato mara bango, labarin sojojin da ke yawo a kumbo tsakanin taurari, suna yaƙi da wasu injuna masu tunani a kan wata duniya ta ƙanƙara, saboda ruwan tasu duniyar ya ƙare. Mu da muka san tsayuwar bakin rijiya da bazara, ba sai an yi mana bayanin faɗa a kan ruwa ba. Littafin ya kama ni har tuwo yana hucewa a gabana.

Sai na mayar da shi abin hira a fadarmu, majalisar da muke zama da abokai. Bayan la'asar in an ɗora shayi, in karanta babi ɗaya, in juya wa abokai da Hausa, in ƙara gishiri inda marubucin ya yi rowa. Ni da ko ragon layya sai maƙwabci ya yanka mini, ni ne ke miƙewa tsaye ina ba da oda kamar kaftin. Ra'ayina kuwa ina faɗarsa ko ba a tambaye ni ba: ba a taɓa rubuta littafin jarumta irinsa ba.

A shekarar ne yayana ya bar aikin soja ya dawo gida. Jikinsa lafiya lau, sai dai magana ta ƙaurace masa. Abin da muka sani kawai, amininsa ɗan Karofane, wanda suka shiga soja tare, ya rasu a gefensa can bakin iyaka, kuma can aka binne shi. Duk gidanmu mun je gaisuwa, ban da shi. Mahaifiyar mamacin tsohuwa ce mai yawan ciwo, kuma duk wanda ya fito daga Karofane sai ya ce tana tambayarsa.

Mahaifiyata ta yi ta fama. "Tsohuwar ga ba ta da lahiya, kai take jira. Zumunta ga ƙahwa take." Sai ya ce, "To, Inna," ya sunkuyar da kai. Damina ta wuce, aka yi girbi, bai je ba. Tsoronmu kada ta cika bai taka gidanta ba, ya zauna da abin har ƙarshen rayuwarsa.

Fada kam yana zuwa. Yakan zauna can gefe, ya karɓi kofinsa, bai taɓa cewa uffan a kan labarin ba. Ni har haushi nake ji, ga soja na gaske a zaune amma ko gyaɗa kai ba ya yi mini.

Rannan muka kai babin da aminin jarumin ya mutu. Aka naɗe gawarsa da tuta, aka sa a akwatin ƙarfe, kaftin ya yi jawabi, aka saki akwatin yana tafiya shi kaɗai cikin taurari. A ganina nan ne wuri mafi kyau a littafin. Ina shirin juya shafi sai na ji muryar yayana.

"Mushe, dakata. Daga nan sai mi?"

Mushe yake ce mini in yana son tsokanata, don da shi ɗalibai ke kiran malamin makaranta a wajenmu. Na daɗe ban ji shi a bakinsa ba.

Na ce, "Sai sunka wuce, Yaya. Babi na gaba hari za su kai."

"Ba wanda yat tahi wurin uwatai?"

"Yaya, labari na fa. Uwatai tana wata duniya, tahiyar shekaru."

"Duba dai da kyau."

Na riga na karanta littafin har ƙarshe, amma na bi shafukan don in fita haƙƙinsa. Babu. Ko sunan uwar ba a sake ambata ba.

Ya ce, "To mai littahin ga ya san harbi, amma ya tsallake wuri mai wuya. Harbi ba komi na ba. Ka tsaya gaban tsohuwa, kai ka dawo, ɗanta bai dawo ba." Shayi ya tafasa ya zuba a gawayi, ba wanda ya taɓa butar. Sannan ya ce, "Ni ma nan na tsallake." Ya dube ni. "Akwai isansi cikin motonka?"

Da safe na ƙara wa babur mai muka kama hanya, ni ke tuƙi yana baya. Duwatsun Adar sun san aikinsu, sun jijjiga mu yadda ya kamata. Sau biyu yana taɓa kafaɗata in tsaya, ya sauka ya yi ta kallon gonakin da aka girbe. Na ɗauka zai ce mu koma. Bai ce ba, ni ma na kama bakina, abin da ba kasafai nake iyawa ba.

Muka tarar da ita a tabarma tana tsince wake. Daga sallama ta gane shi. Aka kawo ruwa, aka yi ya haƙuri, aka yi addu'a, shi kuwa kansa na ƙasa yana jiran tambayar da ta hana shi zuwa. Ba ta yi ta ba. Cewa ta yi, "Ɗana, abu guda nika son ji daga bakin wanda yag gani. An yi mai salla? An sa shi ga ƙasa, huskatai gabas?"

Ya ce, "Inna, sahu munka yi mai. Ni na shiga kushewar, ni na kwantar da shi bisa dama da hannuna."

Ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Yau zan yi kwana."

Nan yayana ya fashe da kuka, tana shafa kansa tana ba shi haƙuri, ita da aka zo yi wa gaisuwa. Ni kuma na fita duba babur ɗin da ba abin da ya same shi. A hanyar dawowa ya yi ta magana a bayana har muka shiga Buza. Iska ta kwashe rabi, amma ban ce ya maimaita ba. Tsohuwar ba ta ga damina ta gaba ba.

Littafin yana nan wurina, kuma har yanzu ina sonsa, don ya iya jan mutum. Amma in na kai wurin akwatin nan ba na ganin kyan da nake gani a da. Tausayi nake ji, don na san akwai wata tsohuwa a wata duniya da ba wanda ya je ya gaya mata yadda aka kwantar da ɗanta. Duk wanda ya tambaye ni ra'ayina yanzu, nakan ce ya karanta, yana da daɗi, amma babi ɗaya ya ɓace a ciki. Wannan babin ni da yayana a kan babur muka je muka yi shi.