Matan Da Suke Daka A Kufai

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. Na daɗe ban faɗe shi ba, don na gaji da mutanen da za ka gama magana su dube ka su ce rana ce ta buge ka.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, kafin a kai ga zaɓe, ina ajin ƙarshe a wata makarantar koyon aikin rediyo da talabijin a Yamai. Shekara ce mai gajiya, yau yajin aiki, gobe babu wuta, jibi malami bai zo ba, kowa dai so yake ya karɓi takardarsa ya kama gabansa. Aikin fita da aka ba mu shi ne kowane mutum uku su shirya kilip, wato bidiyon waƙa, tun daga bincike har haɗawa. Kamara ɗaya ce mai lafiya a makarantar, bi da bi ake yi, in lokacinka ya wuce ya wuce.

Mu uku ne: Rabi, ita ce shugabarmu kuma ita za ta yi rawa, sai Isufu mai waƙa, sai ni mai riƙe kamara. Rabi yarinya ce mai kafiya, in ta sa abu a ranta ba ka da ta cewa. Ta ce ita ba ta son irin kilip ɗin da kowa ke yi, a ari motar wani a sa baƙin tabarau ana nuna yatsa. Kiɗan ƙauye take so, na da, da wuri mai kyau wanda ba a taɓa ɗauka ba. To da yake ni ɗan Kurfai ne, a Filinge aka yanke mini cibi, sai aka ce ni da Isufu mu tafi mu nemo wuri da kiɗa, ita ta zauna ta tsara yadda fitowa za ta bi fitowa, in mun samu mu kira ta ta taho.

Tsakiyar bazara ce. Tun a hanya muka fara jigata, kowane shinge sai an sauke mu saboda kamarar nan, soja ya juya ta ya juya, ya tambaye mu wa ya aiko mu, mu yi bayani, a gaba kuma a sake. Muka sauka gidan kawuna Namata, yayan mahaifiyata, ya ba mu aron tsohon babur ɗinsa.

Kwana da kwanaki muna yawo, ba mu samu komai ba. Wurin da ke da kyau, sai ka ga leda ta maƙale a kowace ƙaya. Wani wurin kuma ƙarfen waya ya tsaya tsakiya. Masu goge da muka samu a ƙauyuka sun karɓe mu da mutunci, sun yi mana na biki, amma da Isufu ya ce na da yake so, tsofaffin, sai su ajiye goge. Wani dattijo ya ce mana, "Ɗana, waɗanga ba na wasa ba ne. Kowane da mai shi, in an kaɗa shina tahowa." Kun san mutanenmu na ƙauye, da yawa suna riƙe da abin kakanni, kuma ba su ɓoye ba. Mu dai muka yi godiya muka tashi.

Ranar da abin ya faru mun yi wajen Tabla, muka bar hanya muka shiga wani kwari, rana ta take tsaka, babur ya yi zafi ya mutu cikin rairayi. Ruwanmu ya ƙare. Isufu ya zauna a ƙasa ya ce shi kam ya gaji, a ba shi sifiri ma ya yarda. Muna nan sai muka ji daka. Ba dakan mace ɗaya ba, taɓare da yawa, suna sauka a tare suna amsa wa juna, ga muryoyin mata a kai, wata irin waƙa mai sanyi wadda ban taɓa ji ba, ni da na tashi a ƙasar. Isufu ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya ce, "Ita ce! Wallahi ita muke nema."

Muka bar babur muka zagaya bayan wani dutse. Sai ga ɗan ƙauye, bukkoki da rumbuna tsaf, ga wani fili fes a ƙarƙashin gawo, babu leda ko ɗaya, ga mata sun jeru suna daka, dukansu da baƙin zane na saƙi. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, babu namiji, babu yaro, ko kaza babu. Kuma ba wadda ta ɗago ta dube mu, alhali kun san ƙauye, baƙo da kamara ai sai an taru.

Wata doguwar mata, ba tsohuwa ba ba yarinya ba, ta ajiye taɓaryarta ta zo. Muka gaishe ta, ta amsa kamar ta san da zuwanmu. Ta ce, "Kun sha rana. Ku zamna." Ta kawo ruwa a ƙwarya. Isufu ya karɓa ya kafa kai, ni kuwa na riga na ɗora kamara a kafaɗa ina ɗauka, na ce bari in gama tukuna, sai na manta. Isufu ya yi mata bayanin abin da ya kawo mu, ya ce muna so mu ɗauki hoto a filin nan, da waƙarsu, in sun yarda.

Ta ce, "Mun yarda. Amma ku taho da ɗiyar da za ta yi rawa."

Jama'a, ba mu ambaci Rabi ba. Isufu bai ce akwai mace cikinmu ba, ina tsaye ina ji. Ni dai na ɗauka ta yi hasashe ne. Sai ta ƙara da cewa, "Ku ce ma Taroro muna jiranta ran Alhamis. Ta daɗe." Isufu ya ce ai sunanta Rabi. Matar ta yi ɗan murmushi ta ce, "To." Shi kuma ya ce in Allah ya yarda za mu kawo ta. Muka koma, babur ya tashi bugu ɗaya, muna ta murna wahala ta ƙare.

Da la'asar muna zaune a tsakar gidan kawu, na buɗe ɗan gilashin kamara don mu ga abin da muka samu. Inna lillahi! Ga gawo, ga fili, amma babu bukka, babu rumbu, babu mace ko ɗaya. Sai tudun tsofaffin gine-gine da fasassun tukwane. Ga Isufu zaune, ya ɗaga hannuwa biyu kamar mai riƙe da ƙwarya, babu komai a hannun, amma kana ganin maƙogwaronsa yana motsi, ruwa na bin gemunsa yana jiƙa masa riga. Sauti kuwa ya fito tar, dakan da waƙar duka. Isufu ya tashi ya yi bayan ɗaki ya dinga amai.

Kawu yana alwala can gefe, ya ajiye buta ya taso da sauri. Ya ce, "Kashe abin nan! Ina kuka samo wagga waƙa?" Muka kwatanta masa wurin. Ya ce wurin kufai ne tun yana yaro. Wata yunwa aka yi, maza suka fita neman abinci ba su dawo ba, mata kaɗan suka bi hanya da goyo, sauran suka ce su ba su tashi, suna jira. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, na yi na yi bai ƙara ba.

Washegari ya kai mu wurin wani tsoho a ƙauyensu, daga cikin masu kula da sha'anin iskoki. Tsohon bai yarda a kunna masa ba. Da muka ba shi labari, tambaya ɗaya ya yi, mi muka ce da matar ta nemi yarinyar. Isufu ya faɗa masa. Ya ce, "Da sauƙi, tunda ka sa Allah ciki. Amma kar ta taka wurin, kuma kar ta ji waƙar." Ya karɓi kaset ɗin, ya ba Isufu wani jiƙo ya sha, ban san abin da ya yi da kaset ɗin ba kuma ban tambaya ba.

Da muka dawo Filinge na kira Rabi don in ce mata ba mu samu wuri ba. Ban ko buɗe baki ba ta ce, "Kai, kun yi ƙoƙari! Waƙar nan ta yi, har na fara haɗa takun rawa." Na ce wace waƙa? Ta ce wadda muka aiko mana. Wai jiya da rana wata doguwar mata mai baƙin zane ta same ta a ƙofar gidansu, ta ce mu muka turo ta, ta rera mata har ta riƙe. Sai Rabi ta fara rerawa a waya. Wallahi ita ce, ba ta bar ko gaɓa ɗaya ba. Na ce kar ta zo, don Allah kar ta zo. Ta ce in daina shashanci, kamara za a karɓe mako mai zuwa, ita ba za ta maimaita shekara saboda tsoron ƙauyawa ba. Ta kashe waya.

Na san Rabi, na san za ta taho. Da sassafe na hau babur ni kaɗai, don Isufu yana kwance, na nufi Baleyara inda motocin Yamai ke tsayawa. Ranar kasuwa ce, shanu da buhunan hatsi ko ina, na tsaya a tasha ina leƙa kowace mota, ƙura da ƙishi sun ishe ni. Can sai ga ta ta sauko sayen ruwa, da jakarta da kayan rawa a ƙunshe.

Muka yi ta cacar baki, mutane na kallonmu. Na ba ta labari duka, ta ce kamara ce ta lalace, ko kuma mun sha wani abu. Ta ce in nuna mata kaset, na ce babu. Ta yi dariya ta juya za ta shiga mota, direba na ta danna oda. Sai na ce, "Rabi, wace ce Taroro?"

Ta tsaya cak. Ta juyo a hankali ta ce, "Wa ya faɗa maka wannan suna?"

Na ce matar ce ta faɗa.

Ta nemi wani buhu ta zauna a kai. Motar ta gaji da jira, yaron mota ya jefo mata jakarta suka tafi. Ta ce kakarta ta wajen uwa ce kaɗai take kiranta haka, kuma ta rasu tun Rabi na firamare. Sunan yayar kakar ne aka mayar mata. Kakar daga Kurfai ta fito a shekarar yunwa, a ƙafa, da mahaifiyar Rabi a goye, ta bar yayarta a can, kuma har ta mutu ba ta taɓa faɗin sunan ƙauyen ba. Rabi ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai, "Ni tun shekaranjiya ƙafafuna ba su bar ni na huta ba, ina zaune suna son tashi." Na sa ta a motar Yamai da kaina, na tsaya har ta ɓace.

Kilip ɗin dai a bakin kogi muka ɗauka, cikin Yamai, da wata waƙar soyayya ta Isufu, irin wanda Rabi ta ce ba ta so. Ba ta yi rawa ba, wata ƙawarta ta yi. Aka ba mu maki na tsallakewa, muka watse. Isufu ya bar waƙa, yana sayar da kayan waya. Ni ina nan ina ɗaukar bikin aure da suna. Rabi ta shiga aikin rediyo, kuma na ji an ce duk aikin da ya biyo ta hanyar Filinge sai ta san yadda ta zame. Yanzu ma hanyar can ba kowa ke bin ta ba saboda halin da ake ciki, ni kaina na daɗe ban je ba, kawu ma ya rasu.

Bara na haɗu da ita a wani biki da nake ɗauka. Ta rame, idanunta irin na wanda bai samun barci. Muka gaisa, muka yi hirar 'yan ajinmu, wane ya tafi waje, wane ya mutu. Ban yi niyyar tambaya ba, amma bakina ya riga ni, na ce ko matar nan ta sake zuwa. Ta ce shekaru da yawa, duk bazara, sai ta hango ta da rana tsaka, wani lokaci a bakin titi, wani lokaci a ƙofar ofis, tana tsaye kawai ba ta cewa komai. Na ce yanzu fa? Ta ce matar ta daina zuwa, tun da ita Rabi ta haihu.

Na ce alhamdulillahi. Ta juya tana kallon 'yarta, 'yar ƙarama da ba ta shiga makaranta ba, tana can cikin yara tana tsalle. Ta ce, "Bana ta fara tambayata yaushe za mu je gida. Na ce ai muna gida. Ta ce a'a, can inda ake daka."

Aka kira ni in ɗauki shigowar amarya, na tafi.

Ni ban san mene ne wannan ba, kuma ban ce ku yarda da wani abu ba. Amma ku 'yan makaranta masu yawo da kamara da waya kuna neman wuri mai kyau, in kun shiga ƙasar da ba ku sani ba, ku fara tambayar manyan wurin kafin ku bar hanya. In kun ji waƙa a inda bai kamata a ji ta ba, ku yi addu'a ku wuce. Kuma duk wanda ya ce ku kawo masa wani, ko da wasa, kar ku amsa da bakinku. Allah ya tsare mu da zuri'armu.