Waƙar da Ba Ta Shiga Kaset Ba

Ammi Tanimu ya rasu.

Da safen nan 'yarsa ta kira ni daga unguwar Waziriyya, ko shayi ban gama ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku yi haƙuri da rubutun.

Tun ɗazu nake ganin yara suna ta yaɗa waƙarsa ta kaset, "An Haife Ni Nan", kowa da ɗan hoton hawayensa a ƙasa. Allah ya yi muku albarka. Amma ni tsoho ne, bakina ba ya shiru: abin da kuke ji ɗin nan rabin waƙar ne, kuma ba shi ne rabin da ya sa mu kuka ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Ammi Tanimu, wato Baffa Tanimu, mai ga-ruwa ne, abin da muke kira sagga a nan Jidda. Garwa biyu, sanda a kafaɗa, lungu-lungu cikin unguwar Hindawiyya. A nan aka haife shi, kamar yadda aka haife ni. Kakanninmu ne suka zo hajji a ƙafa, suka zauna.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo, gidanmu yake fara kai wa ruwa kafin kowa, alhali mu ne ƙarshen layi. Bai taɓa ambata ba.

Ni kuwa tsokana ce tsakaninmu. Cewa yake muryata kamar ƙofar langa-langa ce, in Allah ya so ni in tsaya ga tuƙin mota.

Ran Juma'a bayan la'asar sai ya ajiye sanda ya ɗauki garaya. A tsakar gidan wata Hajja ake zama, maza kan tabarma, mata bayan labule. Shekarun saba'in ne, rikoda ta shigo, duk saurayin da ya ɗan ji daɗi yana rataye da tasa. To kafin Ammi ya taɓa tsirkiya, sai tiren shayi ya zaga. Duk mai rikoda ya cire batir ya zuba a ciki. A kai tiren gabansa ya gani da idonsa, sannan ya fara.

Ba girman kai ba ne. A tsakiyar waƙar akwai wurin da yake kiran sunaye, sunayen waɗanda aka kwashe a satin don ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, aka tura su ƙasashen da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Yana faɗin sunan mutum, da na ubansa, da lungunsu. In kaset irin wannan ya faɗa hannun da bai dace ba, sauran 'yan gidan ma sun shiga uku.

Kowane suna da irin karin da yake yi masa, ba ya maimaita na wani ga wani. In ya kira, mu duka mu amsa: "Ɗan nan ne!" Wani na tari, yaro na kuka, wata tsohuwa ta fashe da salati a bayan labule. Wani lokaci muryarsa ta shaƙe, ya bar garaya ta yi ta tafiya ita kaɗai har ya dawo.

A wata Juma'a irin wannan ya kira yayana.

Salihu ya fita aikin dako a bakin ruwa, bai dawo ba. Daga baya muka ji an sa su a jirgi. Daga ranar har yau babu labari, babu kabarin da za mu ziyarta. Ammi ya ce, "Salihu dogo ɗan Mamman, mai dariya tun labari bai ƙare ba." Ya ja sunan sama, ya ɗan karya shi, ya sauke a hankali. Mahaifiyata ta ce ranar ce kaɗai ta ji an yi mata gaisuwar ɗanta.

Shi kaset ɗin kuwa, wani mai shagon kaset ne ya lallaɓa shi ya kai shi situdiyo. Kada in yi rashin adalci, ya yi kyau. Murya tas, kana jin kowace kalma, garaya kamar a kunnenka ake kaɗa ta. Shi ne ya kai sunan Ammi har Sudan da Kano, kuma ba don shi ba da ku yara ko muryarsa ba za ku sani ba. Ni kaina ban san kaset nawa na kashe a mota ba.

Amma babu mu a ciki. Babu amshi, babu sunaye. Wurin da ya kamata a kira mutane, sai aka cike shi da kiɗan ud, molon Larabawa, mai daɗi kamar na gidan biki.

Na tambaye shi ra'ayinsa a lokacin. Ya yi dariya ya ce, "Ya waladi, ɗana, hoton iƙama ne. Ni ne a ciki, amma haka ka san ni?"

Ganina da shi na ƙarshe, bayan azumin da ya wuce ne. Na same shi kan katifa, ido ya tafi, kunne garau. Na je da niyya. Na ce, "Ammi, ka yi min ta gaskiyar sau ɗaya in ɗauka a waya."

Ya ce, "Wayar tana da batir?"

Na ce, "Irin na yanzu ba ya fita, Ammi."

"Halas, shi ke nan. Ita gaba ɗaya a tire."

Na yi gardama, don ni da gardama ba a raba mu. Na ce mutanen nan duk sun mutu ko sun ɓace, wa kuma za a kama? Ya ce, "Jikokinsu fa? Duk sun sami takarda?"

Na kashe wayar na ajiye.

Yatsunsa ba sa riƙe garaya, sai ya dinga buga gwiwa. Muryar ta zama siririya, amma sunayen na nan, ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai nake amshi da muryar langa-langata. Jikokinsa na tsaye a bakin ƙofa suna kallo. Suna jin Hausa, bakinsu ne ba ya kamawa, ƙaramin ma da Larabci ya tambayi uwarsa me ya sa kaka ke kiran mutane.

Da ya zo kan Salihu, ya yi shi daidai yadda ya yi a tsakar gidan Hajja. Na kasa amsawa. Shi ya amsa wa kansa.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Yalla, ka ji ta. Ka riƙe."

Wallahi na ɗauka na riƙe.

Tun da aka kira ni yau nake ƙoƙarin rera wurin nan na Salihu. Kalmomin suna bakina. Amma duk na zo daidai inda yake jan sunan, sai kiɗan ud na kaset ya shigo min kai ya danne. Na gwada a banɗaki, na gwada a mota. Shekara da shekaru ina jin kaset ɗin nan, ashe yana ta goge min ɗayar ban sani ba. Na ji tsoro, jama'a, kuma na ji baƙin cikin da ban ji ba tun rasuwar mahaifiyata.

Na zauna ina tunanin wanda zan kira cikin waɗanda muka zauna kan tabarmar nan. Ban sami kowa ba. Idan akwai wanda ya rage yana karanta wannan, ya yi min magana. Ban dai sa rai ba.

Bayan la'asar za a yi masa sallah.

Ya Allah, bawanka Tanimu ya shayar da unguwa, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka sauke shi gidan da ba a korar kowa. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. In da hali ku haɗa da Salihu ɗan Mamman, don daga yau babu sauran wanda ya iya kiran sunansa daidai.