Kilishi a Takardar Sirri

Har yau ban manta da ranar da aka gurfanar da Madam Rifkatu, mai buga mana tafireta, a gaban kwamitin bincike ba. A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina ƙaramin jami'in mulki a wani ofishi a Dutsin-Ma, ba a daɗe da kawo mana injin fotokwafi ba.

Ga yadda ƙa'idar takardar sirri take. Madam za ta buga, shugabanmu Alhaji Sada ya kulle kansa a ɗakin inji ya fitar da kwafi da hannunsa. Sai a sa a ambulan, a liƙe da jan danƙo, a saka wannan a cikin wani ambulan, masinja ya kai a babur. Alhaji ne ya tsara haka, kuma yana alfahari da tsarin.

Takardar wannan karon ta mayar da Malam Iro, shugaban reshenmu na Kurfi kuma aminin Alhaji, zuwa ƙauyen Barkiya ce. Mataimakin Malam Iro aka aika wa, da umarnin kada ya buɗe sai ƙarshen wata. Washegari sai ga Malam Iro yana ƙorafi. Ambulan kuwa na nan da danƙonsa.

Mutum biyu ne suka ga takardar. Da yake ba a zargin shugaba, sai zargi ya faɗa kan Madam, baƙuwa a garin, mai 'ya'ya a makaranta. An riga an tsara takardar korarta, ana jiran a sami mai bugawa. Alhaji ne shugaban kwamitin, ni ne sakatare.

Aka kira Malam Iro, Alhaji ya ce ya faɗi wanda ya sanar da shi, kome girmansa. Malam ya zaro wata takarda duk maiƙo daga aljihu, ya shimfiɗa a kan tebur.

"Ranka shi daɗe, kai ka aiko mini. Kilishin ya yi daɗi, abin da ke ƙarƙashinsa ne ya yi yaji."

Ashe injin kan baƙanta kwafin farko, Alhaji kuwa ba ya son almubazzaranci. Da ya so lallaɓa amininsa da kilishi kafin labari ya iso, da wannan kwafin ya naɗe, ya haɗa wa masinja.

Kwamiti ya gano cewa laifin inji ne, ya ba da shawarar a sa masa kwaɗo, makulli a hannun Alhaji. Da alƙalamina na rubuta haka. Ba wanda ya ba Madam haƙuri. Da take buga rahoton, sai ta tambaye ni a hankali, "Malam, shi injin za a ba shi kwairi ya kare kansa a rubuce?"

Tun daga nan, duk sabuwar na'urar da aka ce tana tsare sirri, ba ƙarfin kwaɗonta nake tambaya ba. Nakan tambayi wa ke riƙe da makulli, wa kuma za a kama in shi ya yi kuskure.