Rawar Inna a Cikin Kwamfuta

A shekarun da aka hana kiɗan biki a Jibiya, ƙanena direba ya sayo mini kwamfutar tafi-da-gidanka daga Maraɗi. Ya zuba mini bidiyon bikin ƙarshe da makaɗa suka shigo gidanmu, inda Inna, Allah ya jiƙanta, ta ci ɗamara da gyale tana rawa. Bayan la'asar maƙwabta kan cika ɗakina, mu yi ta kallo muna shewa.

Ran nan kwamfutar ta ƙi kamawa. Na sa ƙanen nawa ya kira kamfanin kwamfutar a Kano, suka ce kayan Nijar ne, ba ruwansu. Ya kira na Yamai, wata ta yi ta zuba masa Faransanci, ƙarshe ta ce tunda ta tsallaka iyaka ai ta zama tamu.

"Yaya," in ji shi, "kwamfutarki ba ta da ƙasa, sai mun yi mata fasfo."

Na yi dariya, amma na tuna bidiyon Inna a cikinta kaɗai yake. Waƙar bikin dai har yau ina rera ta in ina tankaɗe. Yadda Inna ke juya kafaɗarta ne ya fara ɓace mini.